Maigida, Kada Ka Hana Ta Zuwa Likita

Maigida, da kai muke magana. Matarka ta ce ta ji ƙululu cikin nononta, kai kuwa ka ce a bari sai bayan kaka. Wa ya gaya maka ciwo yana jiran kaka?

Sankarar nono ita ce sankarar da ta fi kama mata a Nijar. Ba sammu ba ce, ba iska ba ce. Rubutu da turare ba su narkar da ita. Wanzami ya tsaga, sai miki ya ƙaru. Kuɗin da za a kai likita ya ƙare a hannun boka.

Ga alamu: ƙululu a nono ko a hammata, jini daga kan nono, kan nono ya shige ciki, fata ta yi kamar ɓawon lemu. Sau da yawa ba ta zafi da farko. Rashin zafi shi ne ke ruɗin mutane.

Ba kowane ƙululu ne sankara ba. Amma likita kaɗai ke iya rarrabewa: a ɗauki hoto, a ɗebi ƴar tsoka a duba. In ita ce, akwai aiki, akwai allurai. Tun 2021 ana gashin sankara da na'ura a Yamai.

Ka ce kunya? Ungozoma mace ce, a fara da ita. Ka ce tsada? Akuya ana sake saye, uwar ƴaƴanka fa?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kai ta asibiti cikin makon nan.