Saƙo Ɗaya, Masu Karɓa Dubu

Wani malamin makaranta ya aiko da tambaya, wai ƙaƙa kwamfuta guda ke aika majigi ga mutum dubu, waya ba ta cushe ba? To, malam, ga amsa.

Kadan aka bi kowa da nasa kwafi, saƙo dubu za su fita ta ƙofa guda. Dabarar da a ke kira maltikas ita ce a fid da ɗaya tak, kada a kwafe shi sai a mararraba. Na'urorin da ke tsaron mararraban nan, watau rauta, su ke yin kwafin. In ka zana hanyoyin sai ka ga itace: mai aikawa ne gindi, masu karɓa ganye.

Wahalar duka wajen kiwon itacen ta ke, gama masu kallo kullum shiga su ke suna fita. Cikin 1988 Steve Deering na Jami'ar Stanford, a Amurka, da abokan aikinsa suka fito da ƙa'idar DVMRP. Ita ambaliya ta ke yi: a kwarara saƙo ko'ina, rautar da ba ta da mai so ta ce a datse reshenta. An jima reshen ya toho, a sake datsewa. Da ita aka watsa muryoyin taron masanan intanet na San Diyego cikin Maris 1992 zuwa wurare 20.

A ganina ɓarna ce a kai wa mutum kaya don ya ce ba ya so. Na fi yarda da ƙa'idar PIM, irin wadda ba ta ba kowa sai ya roƙa. A kan zaɓi rauta guda ta zama mahaɗa, roƙo ya yi ta hawa mararraba bayan mararraba har gare ta, sawunsa ya zama reshe. Sai an sabunta roƙon kowace daƙiƙa 60. In aka ji shiru daƙiƙa 210, reshe ya bushe.

Amma fa kowane itace sai rautocin da ke kansa sun riƙe lissafinsa, kamfanoni kuwa ba su daidaita bisa wanda zai biya ba. Don haka maltikas bai game intanet ba, cikin wayoyin kamfani guda ya fi aiki, wajen rarraba talabijin da farashin hannun jari. Majigin da ka ke kallo a YouTube kuwa, malam, kwafinka ne kai kaɗai, daga wata ma'ajiya kusa da kai.