Ɗalibin Zanen Gine-gine Ya Dawo Hutu: A Bar Shi Ya Biya Bashin Barci

Duk lokacin da zangon karatu ya ƙare, gidaje da dama a Kazaure da Ɓaɓura da Roni da Gwiwa sukan tarbi 'ya'yansu masu karatun zanen gine-gine. Wasu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da ke Kazaure suke, wasu daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ko Jami'ar Bayero ta Kano. Yaro yakan iso a rame, idanu sun yi ja, wuya ya sage. Kwana biyu kacal sai a fara cewa ya cika barci, ko kuma kawunsa ya aiko a zana masa taswirar gidan da zai gina. Ra'ayina shi ne, makon farko na hutun nan magani ne, kuma haƙƙin iyaye ne su tsare wa ɗansu shi.

Karatun zanen gine-gine ya sha bamban da na sauran fannoni. Bayan laccoci da jarrabawa, akwai aikin ɗakin zane, inda ɗalibi ke shafe sa'o'i a sunkuye kan allo ko gaban kwamfuta, yana zane, yana yanka kwali da reza, yana manna samfurin gini da gam. A ƙarshen zango kuma sai ya tsaya gaban malamai ya kare aikinsa. Makonnin da ke gabanin wannan rana, da yawa daga ɗalibai kan kwana ba su runtsa ba, suna dogaro da shayi mai kauri da kofi da goro da lemon ƙara kuzari.

Jiki kuwa ba ya yafe bashi. Masana lafiya sun yi ittifaƙi cewa baligi na buƙatar barcin sa'o'i 7 zuwa 9 a kowane dare. Wanda ya yi makonni yana samun 3 ko 4, ƙarfin haddarsa yakan ragu, ransa ya riƙa saurin ɓaci, garkuwar jikinsa ta yi rauni. Barcin dare ɗaya, komai tsawonsa, ba ya goge wannan. Sai an jera kwanaki. Saboda haka idan ɗanku ya koma ya kwanta bayan sallar asuba a makon farko, a ƙyale shi. 'Ya mace ma haka take, kada ranar da ta sauka a miƙa mata tukunya da muciya.

Sai dai hutun ma yana da tsari. Ya kamata ɗalibi ya tsayar da lokacin kwanciya, misali sa'a ɗaya ko biyu bayan isha'i, ya kuma ajiye waya nesa da shimfiɗa. Sinadarin da ke cikin kofi da goro mai hana barci yakan ɗauki kimanin sa'o'i 5 kafin rabinsa ya bar jiki, don haka a daina shan su daga azahar. Wanda ya saba da su sosai ya rage sannu a hankali, domin dainawa farat ɗaya kan jawo ciwon kai na 'yan kwanaki. Ƙailula tana da amfani, amma minti 20 zuwa 30 sun wadatar.

Ciwon wuya da baya da ke biyo bayan dogon zama, motsi ne maganinsu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako. Tafiyar rabin sa'a da sanyin safiya, ko ta bakin dam ɗin Kazaure ko ta gindin duwatsun Roni, ta biya wannan buƙata, ta kuma hutar da idon da ya gaji da kallon abu na kusa. A ɓangaren abinci, abin da ke gidajenmu ya isa: tuwo da miyar kuka, wake, zogale, fura da nono, da ruwa mai yawa, a kan lokaci.

Wani uba zai ce, mu da muka tashi da noma wa ya ba mu hutu? Gaskiya ne aikin gida tarbiyya ne, kuma babu mai cewa a bar saurayi ya zauna wata guda ba ya tsinana komai. Bayan mako ɗaya ko biyu, zuwa gona ko kasuwa zai ma taimaka masa. Taswirar kawu kuwa ta jira, sannu ba ta hana zuwa.

Akwai alamomin da ba gajiya ba ce kaɗai. Idan da zazzaɓi, a yi gwajin maleriya kafin a sha magani. Idan bayan makonni 2 yana nan cikin baƙin ciki, ya ƙaurace wa mutane, ya daina cin abinci, ko barcin ya gagara, a kai shi ga likita a Babban Asibitin Kazaure ko asibiti mafi kusa. In har ya ambaci cewa ya gaji da rayuwa, ranar za a tafi, ba gobe ba. Haka nan idan an lura yana shan tiramadol ko wata ƙwaya don ya jure aiki, a nema masa taimakon likita cikin sirri da lalama, kuma kada a sayo masa ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba.

Iyaye sun kashe dukiya a kan wannan karatu, kuma akwai sauran zanguna a gaba. Wanda ya koma makaranta da jiki a warware shi ne zai iya kaiwa ƙarshe. Lafiya uwar jiki. Allah Ya ƙara mana ita, Ya yi wa karatun 'ya'yanmu albarka.