Kafin mu biya dala a kai yaro dajin Amurka

Akwai wata irin makaranta a Amurka da Turai wadda ba ta da aji, ba ta da benci. Matashi ɗan shekara 18 ko 20 da 'yan kai zai biya kuɗi, a haɗa shi da wasu goma ko sha biyu da bai taɓa gani ba, a ba su malamai biyu ko uku, mota ta kai su bakin daji ta juya. Daga nan sai ƙafa. Kusan wata uku za su yi suna hawan duwatsu, suna tuƙa kwalekwale, suna kwana a tanti, kowa da kayansa a baya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi suna ita ce NOLS, wadda Paul Petzoldt ya kafa a garin Lander na jihar Wyoming a 1965. Kuɗin zangon karatu guda a wurinsu ya haura dala dubu goma, ban da tikitin jirgi da wahalar biza. Wasu jami'o'in Amurka kuma suna lissafa wannan zaman daji cikin makin ɗalibi.

Hotunan irin wannan tafiya suna shigowa wayoyin yaranmu a unguwannin Nima da Maamobi na Akra, sau da yawa daga 'ya'yan 'yan'uwanmu da ke Bronx ko Hamburg. Yaron da ya gama jarrabawar WASSCE yana zaune yana jiran sakamako, ya ga sa'ansa a kan ƙanƙara da igiya a ƙugu, dole ransa ya biya. Iyaye masu hali ma sun fara tambaya ko abin ya cancanci kuɗinsa. Ra'ayina shi ne, abin da ake koyarwa a can yana da daraja ƙwarai, amma mafi yawansa ba sai an hau jirgi ake samu ba, kuma in har za a tura wani waje da kuɗin jama'a, malami ya kamata a tura, ba ɗalibi ba.

Mu duba abin da ake yi a cikin watanni ukun nan. Kowace rana ana ɗora wa ɗalibi ɗaya ko biyu shugabancin tafiya. Shi zai karanta taswira, ya yanke inda za a bi, ya tsayar da lokacin hutu, ya lura da wanda ƙafarsa ta yi kanta. In ya ɓatar da jama'a, malami na biye da su a baya, yana kallo, bai cewa uffan sai in rai ne ke cikin haɗari. Da dare a zauna a gaya wa shugaban yini gaskiya a gabansa: ka yi gaggawa, ba ka saurari wance ba, ka bar mu da ƙishirwa. Gobe wani ne zai hau kujerar. Can wajen ƙarshe, rukunin da ya nuna ya iya, a kan sake shi ya yi kwanaki ba malami a tare da shi. Wannan shi ne kayan da ake sayarwa da dala: a danƙa wa matashi nauyi na gaske, wanda in ya yi sakaci kowa zai kwana da yunwa, a kuma ba shi damar yin kuskure ba tare da kuskuren ya kashe shi ba. Dutsen da ƙanƙarar duk ado ne.

Tunanin ya girmi NOLS. Kurt Hahn, malamin makaranta Bajamushe da ya tsere wa mulkin Hitler, shi da Lawrence Holt mai kamfanin jiragen ruwa suka buɗe makarantar Outward Bound ta farko a Aberdovey da ke Wales a 1941, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. Labarin da suke bayarwa shi ne, idan aka nutsar da jirgi, matasan ma'aikata masu ƙarfi a jika sun fi saurin sarewa a kan tsofaffin da suka saba da wuya. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, wannan tunani ya iso yankinmu da wuri. Alec Dickson, wanda ya yi aikin yaƙi da jahilci a nan Gana a ƙarshen shekarun 1940, tana Gold Coast, shi ya jagoranci cibiyar Man O' War Bay kusa da Victoria, wato Limbe ta yau a Kamaru, daga 1951. Ana kawo matasan malaman makaranta da akawuna da 'ya'yan sarakuna, ciki har da 'yan Arewacin Najeriya, a koya musu iyo a teku, a hau da su Dutsen Kamaru, a sa su aikin gayya a ƙauyuka. Cibiyar ta koma Najeriya daga baya, kuma har yau tana da sansani a Duwatsun Shere kusa da Jos. A Kenya ma an buɗe Outward Bound a Loitokitok, gindin Kilimanjaro, tun farkon shekarun 1950.

Mu kuwa mutanen Zongo, kakanninmu da ƙafa suka zo. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, ya ratsa Borgu, ya bi ta Jugu da Sansanne Mango da Yendi, ya yi watanni kafin ya sauka Salaga ya ɗauko goro. Ayarin yana da tsari. Madugu ke da magana ta ƙarshe, shi ke cinikin kuɗin fito da sarakunan hanya. Jagaba na gaba yana duba hanya da masauki, uban dawaki yana kula da tara kuɗi da biyan su, ga malamin ayari mai rubutu da addu'a. Yaro yakan fara da korar jaki, ya yi shekaru yana kallon yadda manya ke yanke shawara, kafin a ba shi ko da ɗan ƙaramin nauyi. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 ne 'yan kasuwa da malamai suka watsu, wasu Kumasi, wasu Akra, wasu Kete Krachi inda Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934. Ba na kawo wannan don in yi mana kirari. Salaga kasuwar bayi ce kuma, kuma cikin masu ɗaukar kayan nan akwai waɗanda ba da son ransu suke tafiya ba. Mutane sun mutu a hanya da yawa. Amma hanyar ta horar da shugabanni, kuma da mota da jirgin ƙasa suka kashe ta, ba mu kafa wani abu a madadinta ba.

To yau ina matashin Nima ke koyon ɗaukar nauyin wasu? A makarantar boko, haddar jarrabawa ce. A makarantar Islamiyya, ladabi da sauraro, waɗanda ba na raina su, amma ba su ne jagoranci ba. Sai majalisar samari ta bakin layi, inda ake dafa ataya ana musun ƙwallo har dare ya raba. Ina ganin mun cika zagin waɗannan majalisu. Suna da shugaba, suna da ma'aji, suna tara kuɗi in ɗayansu zai yi aure ko ya kwanta asibiti, su ne ke kafa rumfa ranar suna da ranar jana'iza. Matsalar ita ce wanda ya fi kowa gane amfaninsu ɗan siyasa ne, mai zuwa da mota lokacin zaɓe yana neman ƙarti. Kowa ya tuna abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a watan Janairun 2019, nan maƙwabtanmu, har majalisa ta yi dokar haramta ƙungiyoyin 'yan bangar siyasa a shekarar. Sai kuma ɗaya hanyar, wadda kowane layi a Maamobi ya san wani da ya bi ta: Agadas, hamada, Libiya, teku. Wanda ya ce yaranmu ba su da juriya ko tsoron wuya suke yi, bai san su ba.

Abin da Turawan nan suka fi mu, kuma dole mu yarda, shi ne tsarin kare rai. Malaminsu ya yi horon taimakon gaggawa na daji, ya san yadda ake ɗaure karaya da tsayar da jini a inda asibiti ke da nisan kwana biyu. Akwai adadin ɗaliban da ba a wuce wa malami ɗaya. Akwai rubutaccen shiri na abin da za a yi in wani ya ɓata ko maciji ya sare shi. Duk hatsarin da ya faru ana rubuta shi a yi nazari. Wannan ilimi ne, ana koyonsa, kuma shi ne ya cancanci dala. Kuɗin da za a kashe wa yaro ɗaya ya je Wyoming ya dawo da hotuna, in aka kashe shi a kan malamai biyu ko uku daga unguwa, maza da mata, su je Jos ko Gabashin Afirka su samo horo da takarda, za su yi shekaru suna fita da yara.

Wurin zuwa kuwa ba mu rasa ba. Duwatsun Shai suna kan hanyar Akosombo, tafiyar sa'a guda ko ɗan fi daga Akra, da kogunan dutse da gwaggon biri. Akwai tsaunukan Akuapem daga Aburi, akwai Kwahu, akwai Afadjato da magangarar ruwan Wli a yankin Volta, akwai tafkin Volta kansa ga mai son kwalekwale, ga dajin Mole a arewa. Baƙi na biyan kuɗin jirgi su zo su ga waɗannan wurare, alhali akwai samari a Nima da iyakar tafiyarsu Kasoa ce ko Ashaiman. Ni da za a ba ni zaɓi, tafiyar da zan fi so a tsara ita ce bin wani yanki na tsohuwar hanyar goro tsakanin Yendi da Salaga, a lokacin hunturu, da malamin tarihi a cikin ayarin.

Tsarin ma akwai shi a ƙasa. Shirin lambar yabo ta Shugaban Ƙasa, reshen Gana na shirin Duke of Edinburgh wanda aka fara a Ingila a 1956 da hannun Kurt Hahn a ciki, yana karɓar matasa daga shekara 14 zuwa 24. Yana da mataki uku, tagulla da azurfa da zinariya, kuma kowane mataki sai an yi tafiyar daji: kwana ɗaya a na farko, biyu a na biyu, uku a na ƙarshe, ban da hidimar jama'a da koyon sana'a da motsa jiki. Takardarsa ana gane ta a ƙasashe da dama. An fi jin labarinsa a manyan makarantun kwana, amma ba abin da ya hana wata makarantar Islamiyya ko ƙungiyar matasan masallaci ta nemi rajista. Asusun Raya Zongo, wanda aka kafa da doka a zamanin Shugaba Akufo-Addo, ya gina filayen ƙwallo masu ciyawar roba, kuma yara na morar su. Kuɗin fili ɗaya zai sayi tantuna da jakunkuna da rigunan ruwa da za su ishi unguwannin Ayawaso ta Gabas da ta Arewa gaba ɗaya.

Na san abin da iyayenmu mata za su ce, musamman a kan 'ya'ya mata: wa zai ba da 'yarsa ta kwana a daji? Tambaya ce mai kyau, kuma ba da lacca ake amsa ta ba. Ana amsa ta da ayarin mata zalla, malamai mata, lokutan salla cikin jadawali, abincin da aka san wanda ya yanka, da sunan wata Hajiya da unguwa ta amince da ita a kan takardar izini. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAG tana da matan da za su iya wannan. Iyayen Zongo ba sa ƙin sakin yaro in sun yarda da hannun da zai shiga. Ɗan ƙwallon nan Mohammed Kudus yana ƙaramin yaro ya bar Nima ya tafi makarantar Right to Dream can wajen Akosombo.

Abu ɗaya nake tsoro, shi ne a mayar da abin fareti. Mun iya wannan: a ɗinka kaki, a samo tsohon soja mai tsawa, a jera yara a rana suna buga ƙafa, babban baƙo ya zo ya yi jawabi. Yaron da aka yi wa tsawa kwana goma ya koyi bin umarni ne kawai, kuma mai bin umarni ba tambaya shi ne ainihin wanda ɗan siyasar nan mai mota ke nema. Hahn ya fi ba da ƙarfi ga aikin ceto, kuma nan ne bukatarmu take. Ranar 3 ga Yunin 2015 ambaliya da gobarar gidan mai a Circle suka ci rayuka sama da 150. Babbar kwatar da ta raba Nima da Maamobi tana cika ta tumbatsa duk damina mai ƙarfi, kuma kafin motar kashe gobara ta sami hanyar shiga lungunanmu, samarin layi ne ke fara kai ɗauki, da hannu da guga, ba horo. Don haka darasin farko, kafin a sayi tanti ko ɗaya, ya zama iyo da taimakon gaggawa, a wurin wanka mai malami, ranar Asabar da safe, majalisa ɗaya bayan ɗaya.