Tsarabar Makka: Wa Ya Ɗinka Rigar Da Muke Yi Wa Ciniki?

Duk wanda ya daɗe a Kudai da Misfala ya san cewa da zarar alhazai sun sauko daga Muna, hankali kan koma kan tsaraba. Jallabiya, abaya, hijabi da kayan yara, ana saye dozin-dozin, kuma mu mazauna mu ne 'yan rakiya, mu ne tafintoci, wasunmu ma su ne masu shagunan. Tambayarmu ɗaya ce a kullum: nawa ne gaskiyarsa? Amma ba mu cika tambayar wanda ya ɗinka ba, balle halin da yake ciki.

Duba takardar da ke wuyan rigar, sau da yawa za ka ga Sin, ko Indiya, ko Pakistan, ko Bangaladash. Idan mai karatu bai manta ba, a ranar 24 ga Afrilu, 2013 wani bene mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza ya rushe a Savar, kusa da birnin Daka, ya hallaka mutum 1,134, yawancinsu mata maɗinka. Tun ana jajibiri aka ga ginin ya tsage, banki da kantunan da ke ƙasa suka rufe, amma aka tilasta wa maɗinkan komawa bakin keke. A lokacin mafi ƙarancin albashinsu taka 3,000 ne a wata, abin da bai kai dala 40 ba. Kafin wannan, a watan Satumba na 2012, gobara ta ci mutum fiye da 250 a wata masaƙa a Karaci.

Gaskiya ne kayan Rana Plaza na kantunan Turai da Amurka ne, ba na kasuwarmu ba. To amma a nan gizo ke saƙa. Masu saye a can sun yi ta matsa lamba, har kamfanoni fiye da 200 suka sa hannu a yarjejeniyar duba lafiyar gine-ginen masana'antu. Rigar da ta zo mana a ƙunshe, ba sunan kamfani, wa zai matsa wa mai ita in ba ɗan kasuwar da ya yi odarta ba?

Mu Hausawa ba baƙin wannan ciwo ba ne. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama. Rashin wuta da kwararowar yadi mai araha na daga cikin abubuwan da suka durƙusar da masaƙun Arewa. Araha dai ba ta faɗowa daga sama, akwai wanda ya biya cikon da guminsa.

Kuma a garin nan muke ganin darajar allura da zare. Tun 1927 Sarki Abdul'aziz ya kafa wurin saƙa rigar Ka'aba, wanda ya koma Ummul Jud a 1977, inda ake girmama masu aikin. Shin wanda ya saƙa haramin da muke ɗaurawa mu kewaya Ɗakin bai cancanci ko tunawa ba?

Ba muna cewa a daina ciniki ba ne, talaka ma yana da haƙƙin sutura. Shawararmu uku ce. Na farko, 'yan kasuwarmu masu oda su riƙa tambayar masana'antar da ta yi kayan, su guji wadda farashinta ya wuce hankali. Na biyu, masu shagon ɗinki su biya yaransu a kan lokaci, kada a riƙe albashin wani ko fasfonsa, domin dokar ƙasar nan ma ta hana. Na uku, mu masu saye mu daina kai wa tela ɗinki saura kwana uku Sallah mu hana shi barci, sannan mu tafi da bashi. Haka tsohuwar da ta yi makonni tana ɗinka hula, kada mu taya ta kamar ta injin.

Tsaraba daga ƙasa mai tsarki ake so ta zama albarka. Mu kula kada mu haɗa ta da haƙƙin wani. Allah Ya sa mu gyara.