Kamberen: gari ya cim ma matatar ruwan ƙazanta

A shekarar 1989 ne aka buɗe matatar ruwan ƙazanta ta Kamberen, a bayan birnin Dakar na ƙasar Senegal. Waɗanda suka zaɓi wurin ba su rasa hujja ba. Ruwa gangare yake bi, yankin kuwa kwari ne, ga teku kusa inda za a zubar da abin da aka tace. Duk tudun da aka tilasta wa ruwan ƙazanta ya hau, sai da inji da lantarki, kuɗin kuma daga aljihun mai biyan takardar ruwa yake fita.

Sai dai gari bai tsaya jiran matata ba. An gina ta domin tace mita kubik 9.600 a rana, daga bisani aka ninka zuwa 19.200, amma abin da bututu ke kawowa ya zarce haka. Rarar da ta fi ƙarfin tankuna sai aka riƙa sakinta teku ba tare da cikakkiyar tacewa ba, a gaɓar da mabiya ɗariƙar Layen ke girmamawa, inda kabarin halifansu na farko yake. Mutanen Kamberen suka tayar da ƙayar baya, kuma da wuya a ga laifinsu: ƙazantar wasu unguwanni ce ake kawo musu har ƙofar gida.

Can Pikin da Caroye, inda bututu bai kai yawancin gidaje ba, masai ne ya gurɓata ruwan ƙarƙashin ƙasa. Da hukuma ta rage jan ruwan rijiyoyin Caroye saboda gurɓatar, sai ruwan ya taso kusa da doron ƙasa, abin da ya ƙara wa ambaliyar 2005 da ta 2009 muni.

Abin mamaki, maƙwabciyar matatar ita ce unguwar Parcelles Assainies, wato filayen da aka tsabtace, wadda Bankin Duniya ya ba da rancen kafa ta a 1972. Suna dai ya yi kyau.

Ofishin ONAS, da aka ɗora wa wannan nauyi a 1996, ya tarar an riga an raba filaye. Matata tana son fili mai faɗi, nesa da gidaje, ta inda iska ba za ta kai wari cikin unguwa ba, da sarari na faɗaɗawa nan gaba. Kafin rabo, sa hannun hukuma kaɗai ya isa a keɓe irin wannan fili. Bayan an yi gini kuwa, sai rusau da diyya da shari'a, mai fili kuma ya san ana matse da shi.