Abin da Shawa Ke Koya wa Masuntan Kazaure

Cikin kifin ƙanƙara da ake soyawa a Roni akwai shawa, ƙaramin kifin ruwan sanyi na arewacin Atlantika. Garke-garke yake tafiya, ƙwansa kuma yana manne wa tsakuwar ƙasan teku. Da jiragen Turai suka yi ta kwasarsa, ya kusa ƙarewa a Tekun Arewa, har aka haramta kamunsa a 1977. Bayan 'yan shekaru ya farfaɗo.

Kifin madatsar Kazaure ma yana buƙatar irin wannan hutu. Da damina tarwaɗa ke zuba ƙwai, don haka masuncin da ya tace ruwa da gidan sauro a lokacin, abincin baɗi ya kwashe. Wajibi ne sarakunan ruwa su hana wannan, su ware watannin da ba a su.