Bikin Argungu: Ina Makomar Kogin?

Tun daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyara Argungu, bikin kamun kifi ya zama abin alfaharin jama'ar Kabi. A 2016 Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin al'adun gargajiya na duniya. Baƙi sukan cika bakin Matan Fada domin kallon kabanci, wato tseren kwale-kwale da nutso da kamun agwagwar ruwa, kafin ranar da masunta za su faɗa ruwa da homa da gora.

Amma abin tambaya shi ne, daga ina kifin yake fitowa? Kifi yana hayayyafa ne a fadama idan kogi ya cika ya batse da damina. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, daga baya kuma ta Goronyo a kan kogin Rima, ruwan da ke malalowa fadamun Argungu da Birnin Kebbi da Kalgo ya ragu. Ga kuma masu raga mai ƙananan idanu suna kwashe 'ya'yan kifi. Mai cefane a Malisa ko Gwandu shi ke jin jiki a kasuwa.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Kebbi ta zauna da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a tsara lokacin sakin ruwa, a kuma ƙarfafa wa sarakunan ruwa gwiwa wajen hana kamu sa'ad da kifi ke ƙwai. In kogi ya tsiyace, kwana huɗu na biki ba za su raya shi ba.